Dakta Ya Wanke Iri

Ba likita ba ne, bai kuma taɓa cewa shi likita ne ba. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana shara da goge-goge a wani ƙaramin asibiti mai ɗaki biyar da baranda ɗaya, a bayan tashar mota. Mai shayin bakin ƙofa ne ya fara kiransa Dakta, don ya ga yadda yake jera masu jira a kan benci yana faɗa musu wanda zai shiga gaba. Sunan ya bi shi har gida. Tun yana ɓata rai har ya koma amsawa.

Kayan aikinsa bokiti biyu ne da tsumma da galan ɗin ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta. Murfi ɗaya a bokiti idan ranar lafiya lau ce, murfi biyu idan an yi haihuwa ko an kawo mai gudawa. Ranar rigakafi kuma shi ke rataya akwatin sanyi, ya bi ma'aikaciyar jinya unguwa-unguwa yana tare wa akwatin rana da jikinsa. A yawon nan ya koyi abu biyu ya riƙe su gam: maganin rigakafi abu ne mai rai, zafi na kashe shi, kuma ba a tsira wa mutum allura sai an goge wurin.

A shekararsa ta shida a bakin aiki aka yi annobar amai da gudawa. Kwana goma sha ɗaya ya yi yana wanke daɓen asibitin yana fitar da katifun da ba za su ƙara moruwa ba. A rana ta goma sha biyu aka kawo 'yarsa ta fari, mai shekara huɗu, goye a bayan uwarta. Shi ya goge gadon da ta cika a kai, don aikinsa ne, kuma akwai mai jiran gadon. Daga ranar ba a ƙara wanke ko cokali a gidansa ba sai da ɗigon bilic. Hannuwan matarsa suka yi kaushi, baƙi suka san warin gidan tun daga ƙofa. Ba ta taɓa yi masa gardama a kan wannan ba. Sauran 'ya'yansu huɗu duk suka rayu, shi kuwa a wurinsa ba sai an tambayi dalili ba.

Da aka yi masa ritaya aka ba shi takardar yabo da agogon bango. Wata biyu ya yi yana tashi da sassafe, ya yi wanka, ya sa kaya, ya rasa inda za shi.

"Malam, in ka ƙara goge tagar nan hujewa za ta yi," in ji matarsa wata safiya. "Ka je ka nemi abin da zai gajiyar da kai."

Sai ya tuna da gona.

Gonar mahaifinsu ce, tafiyar rabin sa'a a keke, tana fuskantar hanyar mota. Gadon mutum uku ne da ba a raba ba: shi, da babbar yayarsu wadda mijinta ya rasu, da autansu direban motar haya. Shekara ashirin ana ba da ita aro. Masu aro suka yi ta ɗora gero a kan gero, su kwashe kara har tushe, ba wanda ya taɓa zuba ko kwandon taki. Ba laifinsu ba ne. Wa zai ciyar da gonar da za a iya karɓewa baɗi? Ƙasar ta yi fari fat, in ka damƙa sai ta zube ta tsakanin yatsu. A daminar farko Dakta ya shuka gero, wuta-wuta ta tashi tare da shi ta shanye. Inda mahaifinsu ke ɗaure dami sittin, shi biyar ya ɗaure.

A ranin nan ne wani mai buga bulo ya zo ya zagaya gonar, ya tona rami da shebur, ya ga yashin da ke ƙarƙashi, ya nemi Auta da maganar sayen gonar.

A ɗakin Yaya aka zauna. Ɗaki ne mai gadon ƙarfe da keken ɗinkin da ya daina aiki tun da idonta ya yi rauni, da baho a kusurwa daidai inda rufi ke yoyo. Ko da rani ba ta ɗauke bahon.

"Yaya Dakta, gonar nan fa ta mutu," in ji Auta yana kaɗa makullin mota a yatsa. "Kai kaɗai ne ba ka je jana'iza ba."

"Ba ta mutu ba. Gajiya ta yi."

"To ka yi mata ƙarin ruwa mana. Ba kai ne likita ba?"

"Kai Auta, yayanka ne fa," in ji Yaya. Ta murza gwiwa, sannan ta juyo wajen Dakta. "Ƙanena, ni ban ƙi gonar Baba ba. Amma shekara nawa ina jin sunanta ban ga abinta a tukunya ba? Na ba ka damina ɗaya. Ka shuka abin da ka ga dama. In ka ajiye mini buhu shida a ƙofar ɗakin nan na shafa da hannuna, na rufe bakina, na rufe na Auta. In ba haka ba, kada ka ce na ci amanar kowa."

Ya ce ya ji.

Gab da faɗuwar ruwa malamar gona ta zo a kan babur, ta tara manoman yankin a gindin wata bishiya. Yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta biyu ba, mai saurin magana. Ta ce ƙasar da ta gaji haka wake ya kamata a ba ta, don wake yakan yi wa kansa taki ya kuma bar wa na baya saura, amma fa sai in yana da abokan aiki a saiwarsa, kuma a irin ƙasar nan abokan sun yi ƙaranci. Ta buɗe jaka ta fito da 'yan ƙunshin leda, kowanne kamar tafin hannu, cike da baƙin gari mai kama da na gawayi.

"Wannan ba taki ba ne, ba kuma maganin ƙwari ba ne. Ƙwayoyin cuta ne."

Waɗanda suka miƙo hannu suka janye. Dogo, wanda gonarsa ke iyaka da ta su Dakta, ya ce, "'Yar nan, cuta kika ƙullo mana a leda? Wadda muke da ita ba ta isa ba?"

Aka yi dariya, ita ma ta yi. "Baba Dogo, ba ni da wani sunan da zan kira su ne. Dangi ɗaya suke da masu sa cuta, amma waɗannan ma'aikata ne. Sukan shiga saiwar wake su yi 'yan ƙuraje, su zauna a ciki suna jawo abinci daga iska suna ba shi. Masu rai ne. Zafi na kashe su."

"Rigakafi ke nan," in ji Dakta daga bayan taron.

"Yauwa, Baba! Kai ka gane." Ta nuna shi da ƙunshin da ke hannunta. "Wanda bai fahimta ba ya tambayi Baba."

Rabon da wani ya faɗi haka a kansa a gaban mutane, tun yana bakin aiki. Ya matso gaba ya saurari sauran bayanin da kunne biyu. A ajiye ƙunshin a wuri mai sanyi. Ranar shuka a jiƙa sukari a ruwa mai tsafta, a yayyafa wa iri, a barbaɗa garin a cuɗa har kowace ƙwaya ta ɗauka. A yi a inuwa, a bar shi ya sha iska a inuwa, a shuka a ranar. A kuma sa takin supa a gefen rami, don saiwa ta yi ƙarfi.

Babu wanda ya adana nasa kamar Dakta. Ya naɗe shi a jiƙaƙƙen buhu ya tusa a cikin yashin gindin randa, kullum sau biyu yana taɓawa ya ji sanyinsa. Dogo kuwa ƙarƙashin gado ya wurga nasa ya manta, sai da matarsa ta sharo shi.

Da ruwa ya zauna, Dakta ya tashi da sassafe ya shimfiɗa tabarma a inuwar katanga. Ya kwance buhun iri ya tsaya yana dubawa. Waken nan ya kwana a rumbun wani, ɓera ya bi ta kansa, hannu nawa ya damƙe shi a kasuwa Allah kaɗai ya sani. Ya za a ɗora ma'aikata a kan wannan datti, miyagu su taru su cinye su? Malama ta ce ruwa mai tsafta. Shi kuwa in akwai abin da ya sani a duniya, ya san yadda ake sa ruwa ya yi tsafta.

Ya cika bokiti, ya zuba murfi biyu, don aikin babba ne. Ya wanke baho da ruwan, ya wanke hannunsa har gwiwa, ya zuba irin ya ɗauraye shi da sauri ya tsiyaye. A ruwan bokitin ya jiƙa sukari. Sannan ya yanke bakin ledar da sabuwar reza, ya barbaɗa, ya cuɗa a hankali kamar mai wankan jariri. Wake ya fito baƙi wuluk, kowace ƙwaya ta ɗauka, babu wadda ta fi wata.

Matarsa ta leƙo daga madafa ta shaƙi iskar wurin. "Malam, waken nan a gona za a shuka shi ko a ɗakin tiyata?"

"Ke dai ki zuba ido."

Shi da ita da wasu mata biyu 'yan ƙwadago suka gama shuka kafin rana ta faɗi. Ya bi rami-rami ya sa supa.

Tsiro ya yi kyau. Ya yi noman fari a kan lokaci, ya bi kunya-kunya yana tsince ciyawa da hannu. A mako na huɗu ne ya fara lura. In ya tsaya a kan iyaka ya dubi hagu, waken Dogo kore shar, har yana baƙi-baƙi, ya fara rufe kunya. In ya dubi dama, nasa ya yi ɗorawa-ɗorawa, ganyen ƙanana, ana hango ƙasa ta tsakaninsu. Iri ɗaya suka saya, rana ɗaya suka shuka, gonar Dogo ma ta sha aro kamar tasu. Ya ce ko ruwa ne ya kwanta masa. Ya ce ko ƙwari ne, ya juya ganye ɗaya bayan ɗaya bai ga komai ba. Ya daina tsayawa a kan iyakar.

A mako na shida, wake ya fara fure, malamar gona ta dawo zagaye. Ta fara da gonar Dogo. Ta haƙo tushe ɗaya da fartanya a hankali, ta kaɗa saiwar a cikin kwanon ruwa. Ƙuraje ne jere a jikinta kamar an zuba tsakiya. Ta fasa ɗaya da farce, cikinsa ja kamar ɗanyen nama.

"Ka ga jan nan? Suna aiki ke nan. Baba Dogo, yaya ka yi?"

"Yaya kuwa na yi? Ruwan rijiya na ɗebo a kwanon da jakina ke sha, na dama na watsa."

Ta tsallaka gonar Dakta da fara'arta. Ta haƙo ɗaya, ta haƙo na biyu, ta yi gaba ta haƙo na uku daga tsakiyar gona. Saiwar siririya, sumul. A na ukun ta sami 'yan ƙuraje huɗu kamar ƙwayar gero, ta fasa, cikinsu fari.

"Baba, a ina ka ajiye ƙunshin?"

"Gindin randa, cikin jiƙaƙƙen buhu."

"A rana ka cuɗa?"

"A inuwa. A inuwa kuma ya sha iska. A ranar na shuka."

"Ka haɗa irin da maganin ƙwari?"

"Ko kusa."

Ta juya saiwar a hannunta. "Ruwan fa? Na ina ne?"

"Ruwa kam ba ki da abin cewa, 'yata. Sai da na tsabtace shi. Murfi biyu na sa, na wanke bahon, na wanke irin ma kansa kafin…"

"Murfi biyu na me, Baba?"

Tun kafin ta rufe baki ya riga ya ji amsar a cikinsa. A duk faɗin wurin babu wanda ya kai shi sanin abin da murfi biyu ke yi wa mai rai a cikin bokiti. Shekara ashirin da bakwai yana dogara da shi don bai taɓa barin ko ɗaya ba.

"Bilic bai san na kirki da mugu ba, Baba," in ji ta a hankali. "Laifina ne ma. Da na ce mai tsafta, wanda ba laka nake nufi."

Dogo ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskar maƙwabcinsa, ya saɓa fartanya ya koma gonarsa.

Dakta ya tambaye ta ko akwai gyara. Ta ce bana kam an makara, wake ya riga ya yi fure da yunwa. Ɗan takin zamani zai taimaka, amma ba zai mayar da abin da ya wuce ba. Ta ce ƙasar ba ta mutu ba, ga shaida nan a hagu. Baɗi, in an yi daidai, zai ga bambanci.

Ya roro wakensa shi da matarsa, suka sussuka, suka sheƙe. Buhu biyu da kwano tara. Dogo, da gonar da ba ta kai tasu girma ba, ya ɗinke bakwai.

Kwana uku buhunan na jingine a ɗaki bai kai su ba. Hanya biyu ce a gabansa. Ya yi shiru, a ce ƙasa ce ta mutu kamar yadda Auta ya faɗa, a sayar, shi kuma ya tsira da mutuncinsa. Ko ya faɗi abin da ya yi da bakinsa a gaban Auta, ko Yaya za ta ƙara masa damina.

"Ka je ka faɗa musu," in ji matarsa tana tsince tsakuwa a faranti. "Kunyar gona ake shuka a kai. Ta fuska ba ta tsirar da komai."

Ya ɗora buhunan a keke ya tura har ƙofar ɗakin Yaya. Ta fito ta shafa na farko, ta shafa na biyu, hannunta ya ƙara gaba ya sami bango. Suka shiga ciki. Ya faɗa musu komai, daga gindin randa har farin ƙurji, bai rage ba. Ya ce ga Dogo nan a tambaye shi, ga malamar gona ta ce za ta zo ta yi bayani.

Auta ya yi ƙoƙarin dannewa, abin ya fi ƙarfinsa. Ya yi dariya har ya kwanta a gefen gado yana share hawaye. "Wayyo cikina! Likita ya yi wa majinyaci wanka har lahira! Yaya Dakta, garin neman gira ka rasa ido. Wallahi in na ba da labarin nan a tasha sai an ba ni lodi kyauta."

"Ka ba da," in ji Dakta. "Ni dai baɗi nake roƙo."

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta bari Auta ya gama.

"Na yarda da kai, ƙanena. Tun kana yaro ba ka iya ƙarya ba. Ƙasar tana da rai, na ji." Ta ɗaga kai wajen rufin da ba ta gani sosai. "Amma wa ya ba ni baɗi? Kai kana da ƙafar taka keke. Ni damina uku ke nan ina jan gadon nan daga kusurwa zuwa kusurwa. Shida na ce, a gaban Auta na faɗa. In na sauya yau, gobe da wane baki zan tsawata masa?"

Babu wanda ya ɗaga murya. Aka tsaya a kan a raba. Yaya da Auta su sayar da nasu, shi ya riƙe rabonsa. Mai bulo bakin hanya yake so, don haka da aka ja igiya aka kafa turaku, Dakta ya tashi da ƙuryar gona, wani dogon yanki da sai an ratsa ta gefen Dogo ake shiga.

Bayan wata guda katafila ta zo. Dakta na tsaye a kan sabuwar iyakarsa. Ba da haƙa aka fara ba. Sai da aka bi fili duka aka kankare ƙasar sama, kamar taƙi ɗaya, da tushen wakensa da guntayen harawa, aka tura gefe aka yi tsibi. Ya taka ya sami mai bulo yana tsaye da waya a hannu.

"Waccan fa, ina za a kai ta?"

"Ta sama? Ba ta da amfani, Baba. Ba ta kama siminti, duk saiwa ce. Yashin ƙasa muke so."

"In kwasa?"

Mai bulo ya dube shi sama da ƙasa. "Kwashi mana. Amma ka hanzarta, nan ne tifa za ta riƙa juyawa."

Ya aro baro wajen Dogo. Daga tsibin zuwa yankinsa taku ɗari biyu ne da 'yan kai, cikin yashi mai riƙe taya. A ranar farko ya yi sawu talatin. Da gwiwa ta fara kumbura ya koma ashirin, sannan goma sha biyu. Leburorin mai bulo suka saba da shi, in ya wuce su ce, "Sannu Baba, a bar mana kaɗan." Matarsa kan kawo masa abinci da rana, ta zauna a kan turken iyaka har ya ci, ta karɓi kwano ta tafi ba ta ce ya bari ba.

A rana ta goma sha bakwai ya iso da safe ya tarar an baje tsibin an danne, tifa biyu na tsaye a kai. Abin da ya samu ya kwasa ya rufe masa kunya tara, kaurin yatsa huɗu. Ramin a lokacin ya kai ƙirjin mutum, bakinsa taku huɗu daga turakunsa. Direban katafila ya ce masa sai sun yi tsayin mutum biyu za su tsaya, kuma in shi ne Baba, ba zai shuka komai a kunya ukun farko ba, don da ruwan fari bakin ramin zai fara zubewa.